TARIHIN HARSASHI: DAGA DALMAR BINDIGAR TOKA ZUWA JAN ƘARFE

 Yau ba batun saita waya ko gyaran caji za mu yi ba, tarihi za mu taɓa, tarihin wani ɗan ƙaramin ƙarfe da bai kai kan yatsa girma ba, wato harsashi. Tun da farko in faɗa, wannan rubutu ba koyar da haɗa makami ba ne. Abin da nake so mu gane shi ne dalilin da ya sa mafarautan wasu ƙasashe suka bar dalma suka koma jan ƙarfe, da kuma yadda maganar ta shafe mu a Mafara da Bakura da Maradun fiye da yadda ta shafi masu ita.

BINDIGAR DA AKE ƊURAWA DA HANNU

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, wasu kuma harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura ta, harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri. Shi ya sa aka ce in ka harba ka ruga, don in naman dajin bai faɗi ba kai ne za ka faɗi. Mai ita shi ne kamfanin harsashin kansa, da hannunsa yake awo, da idonsa yake kimantawa.

Asalinta daga bakin teku ne. Turawan Denmak sun gina sansaninsu na Christiansborg a Akara wajen 1661, kuma su da sauran Turawa sun yi ta shigo da dogayen bindigogi masu ƙyastu suna musanya da zinariya da bayi. Da Turanci ma har yau sunan mutanen Denmak ne a kan wannan bindiga. Ta arewa kuma akwai hanyar hamada: Mai Idris Alauma na Barno, a ƙarshen ƙarni na 16, ya samo bindigogi da masu koyar da harbi daga Turkawa. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga masu tsaron sarki a Kano.

Amma kar ka ɗauka bindiga ce ta ci yaƙoƙin ƙasar nan a wancan zamani. A Tabkin Kwatto, 1804, kwari da baka ne suka yi aiki. Baturen nan Kilafaton da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, bindigogin da ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa ba su kai hamsin ba. Sai can gaba, a Damagaram, Sarki Tanimu (1851 zuwa 1884) ya tara bindigogi masu yawa, har ya sa ana haɗa albarushi da zuba igwa a cikin Zinder.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Burasels, suka sa hannu cewa ba za a sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani ba, sai dai tsofaffin masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Kaga kenan an tsayar da mu a wuri ɗaya, su kuma suna ta gaba. An ga sakamakon a nan ƙasar Zamfara, a Kwatarkwashi, ƙarshen Fabrairun 1903. Sojojin Turawa da ba su kai hamsin ba suka tare mahaya da dakarun Kano masu ɗimbin yawa, Wazirin Kano Ahmadu ya rasu a wurin. Ba jarumta suka fi su ba. Bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya, a harba a sake harbawa nan take, ita ta raba gardama. Bayan makonni kaɗan, ranar 15 ga Maris, Sakkwato ta faɗi.

Daga nan maƙeranmu suka ci gaba da ƙera adaka da kansu, da bututun ƙarfe da icce, don farauta, da tsaron gona, da bukukuwan sallah da naɗin sarauta.

ME YA SA DALMA?

A ko'ina a duniya, ɗaruruwan shekaru, dalma ce harsashi. Dalilai uku ne. Na ɗaya tana da nauyi: in ka yanko dalma da jan ƙarfe masu girma ɗaya, inda dalma ta auna giram 11.3, jan ƙarfe giram 8.9 zai auna, ƙarfe kuma 7.9. Abu mai nauyi ya fi ratsa iska ya yi nisa. Na biyu tana da laushi, ba ta cin bututu, kuma in ta daki nama tana bajewa. Na uku tana da sauƙin narkewa, a zafin digiri 327 ta zama ruwa, wutar gawayi ma ta ishe ta. Jan ƙarfe kuwa sai ya haura digiri 1,080. Wannan bambancin shi ya sa mafarauci a bukkarsa yake iya sarrafa dalma, amma jan ƙarfe sai masana'anta mai injin.

Da farko harsashi ƙwallo ne zagaye kamar ɗan goruba ƙarami. Wajen 1849 wani hafsan Faransa mai suna Minie ya fito da mai tsini wanda gindinsa ke da rami, yana buɗewa ya kama tsagin da aka murɗa a cikin bututu, sai ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara. Juyawar nan ita ke sa shi tafiya sak. Bayan haka aka haɗa komai a cikin kwanso ɗaya na tagulla: garin albarushi, da hular da ke ba da tartsatsi, da ƙwayar harsashin a baki.

DALMA TA SA RIGA

A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi baƙin gari ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai matsala ta taso: gudun ya yi wa dalma yawa, tana gogewa tana shafewa a cikin bututu. Maganin ya zo daga Suwizalan, inda Eduard Rubin tun 1882 ya yi dabarar sa wa dalma riga ta jan ƙarfe. Ciki dalma don nauyi, waje riga don jure gudu. Har gobe yawancin harsasan soja haka suke.

To amma mai riga yana ratsawa ne ya wuce, ba ya bajewa. Sojojin Ingila a Indiya suka yi ƙorafi, sai masana'antarsu da ke Dum Dum kusa da Kalkata, a tsakiyar shekarun 1890, ta bar kan harsashin a buɗe, dalma a waje, don ya baje in ya shiga jiki. Raunin da yake yi ya munana har taron Hague na 1899 ya hana amfani da harsashi mai buɗewa a yaƙi tsakanin ƙasashe. Daga nan sunan "damdam" ya samo asali.

A wajen farauta kuwa hukuncin ya juya. Mafarauci yana son dabba ta faɗi nan take, ba ta gudu da rauni ta je ta mutu a ƙungurmin daji bayan kwana uku ba. Don haka harsashin da aka hana soja, shi dokokin farauta na ƙasashe da yawa suka wajabta wa mai harbin manyan dabbobi.

LIBARBA DA KARBIN, HARSASHI ƊAYA

Akwai wata al'ada a Amurka da ta samo asali tun zamanin makiyayan shanu. Kamfanin Winchester ya fitar da bindigar kafaɗa a 1873, bayan 'yan shekaru kamfanin Colt ya yi libarba mai cin irin harsashinta. Mutum yana kan doki da doguwa da gajeriya, amma jakar harsashi ɗaya. Kamar dai ka ce waya da kwamfutarka caja ɗaya suke ci.

A 1935 kamfanin Smith & Wesson ya fito da .357 Magnum, a tsakiyar shekarun 1950 kuma .44 Magnum ta biyo. Kalmar Magnum na nufin an ƙara wa kwanson tsawo da ƙarfi. Abin sha'awa, ba a ofis aka fara tunanin su ba. Irin su Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubuci, su ne suka yi shekaru suna ɗura tsofaffin kwansuna da hannu a gida suna gwaji, kamfani ya zo ya ɗauka daga baya. Ɗurin hannu a can sana'a ce da doka ta yarda da ita, tana da littattafan awo da ma'auni mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba. Daga baya aka yi karbin, wato gajeriyar bindigar kafaɗa, masu cin waɗannan harsasai, kamar wadda Ruger ya fitar a 1961.

Nan wata matsalar ta ɓullo. Harsashi ɗaya in ya fita daga doguwar bututun karbin ya fi gudu sosai a kan in ya fita daga libarba. Wanda aka yi shi ya buɗe daidai a gudun libarba, a karbin sai ya tarwatse kafin ya kai inda ake so. Wanda aka taurara don karbin, a libarba sai ya ƙi buɗewa. Masu sana'ar sun daɗe suna fama da wannan.

JAN ƘARFE ZALLA

Faransa ta taɓa yin harsashin soja na tagulla zalla tun 1898, amma wancan ba ya buɗewa. Mai buɗewa na farauta ya shigo kasuwa ne a 1989, daga kamfanin Barnes na Amurka, ƙarƙashin Randy Brooks. Babu dalma ko ɗigo a ciki. An huda kansa, an yi masa tsagi, in ya shiga nama sai kan ya tsage gida huɗu ya lanƙwashe baya kamar furen kabewa, gindin kuma ya ci gaba da tafiya a dunƙule. Mai dalma yakan zubar da kaso mai yawa na nauyinsa a cikin nama, shi kuwa wannan yakan fita kusan yadda ya shiga. Ga masu libarba da karbin wannan ya rage ciwon kai, tunda ko gudu ya yi yawa ba ya zama gari.

Shi ma yana da nasa halin. Tunda jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, dole ƙwayar ta fi tsawo kafin ta kai nauyi ɗaya, sai ta cinye wurin da ke cikin kwanso, matsin wuta ya ƙaru. Kuma ya fi tauri, ya fi goga a bututu, shi ya sa a 2003 kamfanin ya yi wa jikinsa zobba don rage gugar. Saboda haka masu ɗurin hannu a can ke gargaɗin juna cewa awon dalma ba awon jan ƙarfe ba ne, wanda ya haɗa su bindiga na iya fashe masa a hannu. Sannan ya fi tsada.

UNGULU CE TA TONA ASIRI

In ya fi tsada, me ya sa aka koma masa? Amsar tana wajen tsuntsaye. An daɗe da gano cewa agwagin ruwa na tsintar ƙananan harsasan dalma a ƙasan tafki a zaton tsakuwa ce, su haɗiye su mutu. A 1991 Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma. Denmak, ƙasar da sunanta ke kan bindigarmu, ta hana ƙananan harsasan dalma gaba ɗaya a 1996.

Sai batun wata katuwar ungulu ta Kalifoniya mai suna kwanda. A 1987 guda 27 kacal suka rage a duniya, aka kame su duka aka kiwata. Da aka fara sakin su, sai suka ci gaba da mutuwa. Bincike ya nuna kayan cikin dabbobin da mafarauta ke zubarwa a daji ne ke ɗauke da ɓurɓushin dalma. A 2008 aka hana farauta da dalma a yankin da suke, daga 1 ga Yulin 2019 kuma aka hana a duk jihar.

Daga ungulu maganar ta dawo kan mutum. Da aka sa naman da aka harba a na'urar hoton ƙashi, sai ga ɗaruruwan ɓurɓushi, wasu ido ba ya gani, sun watsu nesa da inda harsashin ya bi. A 2008 jihohin Dakota ta Arewa da Minesota suka janye naman farautar da ake raba wa mabuƙata saboda haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, musamman ga yara.

MU BA SAI AN BA MU LABARI BA

Ɗan Zamfara ba ya buƙatar ungulun Amurka ta koya masa mece ce dalma. A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya kula. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara na ta suma da jijjiga suna mutuwa a Dareta da 'Yargalma da maƙwabtansu. Dutsen zinaren da ake daka a cikin gida ana niƙa a injin hatsi yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar ta bi tsakar gida, yara na rarrafe suna kai hannu baka. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a samu share ta ba sai 2013. A 2015 irin haka ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Dalmar da ke dutsen Bagega ita ce dai ke cikin batirin mota, ita ce a tozalin dutse, ita ce kuma a cikin harsashi. Mu masu gyaran waya ma da ita muke aiki: lid ɗin da muke soda da shi, kashi 63 kuza ne, 37 dalma. Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin kayan lantarki tun Yulin 2006, shi ya sa fanel ɗin wayoyin yanzu ya fi son zafi kafin ya saki. Man fetur mai dalma na motoci ma an daina sayar da shi a duniya a 2021. Ko'ina ana korar ta, harsashi na cikin wuraren da ta rage.

Yanzu ka dubi wajenmu. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 ta tara ruwa tsakanin Mafara da Maradun, ga fadamun shinkafa har Bakura, ga tafkin Natu. Wuraren tsuntsayen ruwa ne, kuma wuraren harbi. Ana harbin kirinjijiya da zabin daji da zomo da gada, nama ya shiga tukunya, yara su ci. Wasu mafarautan da guntayen ƙarfe suke ɗuri, amma masu samun dalma sun fi son ta, harsashin bindigar tsuntsu na kanti kuwa galibi dalma ce a ciki. Inda abin ya fi haɗari shi ne fasa tsohon batir a narka dalmar a tsakar gida, wani lokaci a tsohuwar tukunyar da gobe za a iya dafa abinci a ciki. Hayaƙin da ƙurar duk guba ne, kuma ba su da wari balle a gudu.

DOKA DA HALIN DA MUKE CIKI

Kar wani ya karanta labarin Amurka ya ce shi ma bari ya gwada. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol da bindigogin soja cikin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar toka ma tana buƙatar lasisi, kuma ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. Masana'antar da gwamnati ta kafa don wannan aiki ita ce DICON ta Kaduna, tun 1964. Kowa kuma ya san abin da yawaitar makami ta jawo mana, mutanen gefen dajin Sububu sun fi kowa sani. Daji da yawa yanzu mafarauci ba ya iya shiga, adakar da aka ƙera don zomo ta koma gadin gari a gaban masu AK-47. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Harsashin jan ƙarfe ba zai zo kasuwar Talata ba, ko ya zo ba na bindigar toka ba ne. Amma ilimin da ya haife shi kyauta ne, kuma ga abin da za mu ɗauka:

1. Naman da aka harba, a yanke wurin raunin da kewayensa da faɗi a zubar. Tsince ƙwayoyin da ido ke gani bai isa ba.

2. Abin da aka yanke a binne shi, kar a jefa wa kare ko kaji ko a bar wa ungulu.

3. Ƙananan yara da masu ciki da masu shayarwa su haƙura da naman da aka harba da dalma. Dahuwa ba ta kashe ta, miya mai tsami ma ƙara narkar da ita take yi.

4. Kar a fasa batir ko a narka dalma a cikin gida, kuma tukunyar da ta taɓa ta ta bar ɗakin girki har abada.

5. 'Yan uwana masu gyara, a daina riƙe lid da haƙori, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kar a bar yara su yi wasa a kan teburin aiki.

6. Yaron da ke yawan ciwon ciki da amai da kasala ko jijjiga, kuma ana aikin dutse ko batir ko dalma a gidan, a kai shi asibiti a faɗa wa likita wannan aikin da baki, don ba kowace jijjiga ce zazzaɓin sauro ba.

In kana da mafarauci ko maƙeri a gidanku, ka karanta masa wannan, tunda yawancinsu ba sa kan Facebook. Wanda kuma ya san sunan da ake kiran bindigar toka da shi a garinsu, ko wani tarihin maƙeran yankinsu, ya ajiye mana a ƙasa mu ƙaru da juna. Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba mu zaman lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.